Dangwalin Ashiru a Ƙasan Teku

Zuwa ga Yaya Munawwara, Birnin Kudu.

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da yara, a kuma gaida Inna idan kin je Maruta.

Aikin nan na gaɓar Tunisiya yana tafiya. Kullum nakan goya tukunyar iska, in sa gilashi a fuska, in nutse da baƙi 'yan yawon buɗe ido zuwa wani tudun dutse da ke ƙasan teku. Ciyawa ce shimfiɗe kamar fadamarmu, ga murjani ja, ga manyan kifaye, wani ya kai ɗan maraƙi, suna bin mutum ba tsoro.

Yaya, na ga abin da ya hana ni sukuni. Igiya ce ɗaure a jikin dutsen, da maɗaukai jere kamar dangwalin da muke ɗaure maruƙa. Ƙullin na bahago ne, irin na ƙaninmu Ashiru. Kin san ta wannan ruwan kwale-kwalensu na 'yan ci-rani ya bi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Duk maɗaukan a zarge suke kamar an ɗaure wani abu a ciki, ban da ɗaya.

Ƙaninki, Sanda.

Zuwa ga Sanda.

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau.

Kai da ko rafin Maruta ba ka shiga sai an ja ka, yau kai ne mai kiwon kifi! Na so in yi dariya in ce igiyar masunta ce, amma sai na karanta wa Bappa, ƙanin mahaifinmu, wasiƙarka. Yana ji ya ce, "Tun ranar da yaron nan ya tafi ban ƙara ganin dangwalinsa ba."

Inna kuwa cewa ta yi, "Ashiru bai taɓa barin maɗauki babu maraƙi a ciki ba. Idan maraƙi ya ɓata, ba ya zama sai ya nemo shi."

Wallahi tsoro nake ji. Don girman Allah kada ka sake zuwa dutsen nan. Ka dawo gida, ɗaya da muka rasa ya ishe mu.

Yayarki, Munawwara.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na ji, kuma zan ajiye aikin. Amma jiya da na nutse, kifayen suka jeru a gefen igiyar kamar shanu da yamma, suka zuba mini ido. Na gwada hannuna a maɗaukin nan da ba a zarge ba, ya yi mini daidai.

Inna ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Sau ɗaya kawai zan koma, in yanko mata igiyar ta samu abin riƙewa. Daga nan sai gida.

Ku sa ni a addu'a. Sanda.

Sanda,

Sallama. Abokan aikinka sun aiko da jakarka, ba su rubuta komai ba, wayarka kuma ba ta shiga. Igiyar tana ciki, har yanzu a jiƙe, ta ƙi bushewa. Inna ta shafa maɗaukan ɗaya bayan ɗaya, duk a zarge suke, har na ƙarshen da ka gwada hannunka a ciki.

Kana ina? Ka amsa mini.

Munawwara.