Tukunyar da Soja Ya Buɗe

Zuwa ga ƙanena Garba, a Ikko.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya jikin Hajo? Malam Sani ka rubuta mini, na roƙe shi ya riƙe bakinai.

Ka san hilin gwamnati na hanyar Dingyadi, inda soja ka koyon harbi da. Wani ƙarfe ya fashe can, ya kashe shanu. Sai soja sunka zo tonon sauran, suna bin gida gida da wata sanda mai kuka in ta ji ƙarfe, ko wani ya tsinto ya aje.

Garba, sandar ga ta yi kuka wurin murhuna. Maƙwabta na leƙe ta kan darni, sojan mai sandar ya ɗaga marfin tukunya. Ruwa zalla ka tafasa ciki. Tunda gero ya ƙare nike hura wuta don dai a ga hayaƙi.

Sojan ya maida marfin, sunka wuce. Yanzu kullum maƙwabciyata Inno na aiko tuwo, ni kau in ci, in kasa hita gaishe ta.

Ka sa ni addu'a, Allah shi rufa asiri. Gaida yara.

Yayarka, Kulu.