Ranar da Baba Ya Sauka a Kamlin

Daren Laraba, watan Rajab

Da safe a rumfar shayi Baba ya miƙa wa Usman kofin jabana, wato gahawa. Usman ya kifar da shi a ƙasa, ya ce, "Kawu, me ya sauke ka a Kamlin ranar nan?"

Maganin Inna ya sauka saye, wallahi na sani. Motar da ya sauka daga ciki ta yi gaba da mahaifin Usman, shugaban manomanmu, aka harbe shi ana gab da zaɓe. Hukuma ta ce ɓarayi ne, amma ba a taɓa aljihunsa ba, har yau ba a kama kowa ba. Shi ya sa idon mutane ya koma kan wanda ya tsira.

Baba ya sunkuya ya ɗauki kofin. Kuma a gaban liman aka yi, da Hajja Zainabu mai shayi.