Ruwa ya tare ni a hanyar Adogi

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidanki da yara? Ya ƙafar Inna, da sauƙi? Mu nan Lafia muna ta haƙuri.

Da na fita takaba, na ɗauki motar marigayi zan je Adogi gaida mahaifiyarsa, yara biyu a baya. Motar nan komai nata a allon gaba yake, kuma shi kaɗai ke taɓa shi. Muna tsakiyar hanya ruwa ya kece, gilashi ya rufe da tururi, ba na ganin titi, ga tirela a bayana tana ta hon. Na danna allo, rediyo ya kama. Na sake dannawa, taswira ta fito tana nuna hanyar shagonsa. Bakina ya suɓuce na ce, "Baban Hauwa, ina zan taɓa?"

Yaya, da mayafina na goge gilashin, na lallaɓa gefen titi. Tirelar ta wuce, na kifa kai a sitiyari na yi kuka.

Ki sa mu a addu'a. Dole in koyi allon nan, tunda tuƙin ya dawo kaina. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Ladidi