Kujerar Mama Saratu

Laraba da dare, unguwar Muchia.

Ko tuwo na kasa ci. Kujerar robar da na sayar wa coci ta karye da Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, ana tsakiyar waƙa. Ɗanta lauya ya zo shagona, wai yanzu doka tana kama mai sayarwa, ba kamfani kaɗai ba.

Na ruga wurin mai inshorata. Yana murmushi ya ce, "Madam, me ya sa ba a haɗa mata kujera biyu ba, yadda ake yi wa masu jiki?"

Na ce, "Oga, gobe akwai zumunta. Zo ka haɗa mata da hannunka."

Murmushin ya ɗauke. Ashe shi ma ya san halinta.