Na Koya Mata Ayar da Babu Ita a Littafi

Salamar Ubangiji gare ku, 'yan'uwana mata na zumuntar gunduma. Sakatariyarmu ce ta rubuta mini wannan, na roƙe ta a karanta ban da sunana, wadda ta gane ni ta rufa mini asiri. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni tsohuwa ce mai jikoki bakwai, a Makera nake wajen ɗana, ina toya ƙosai a hanyar ma'aikatan masaƙa. Ban taɓa shiga aji ba. Abin da na sani na Maganar Allah a bakin Mama Saratu na ɗauka, tsohuwar da ta riƙe ni a ƙauye tun ina amarya, ta buɗe Littafi Mai Tsarki a cinya, ta faɗa in maimaita, muna ɓarar gyaɗa. Da ta rasu ta bar mini Littafin, ni ma haka nake buɗe shi a cinya. Ban taɓa ce wa kowa na iya karatu ba, ban kuma taɓa cewa ban iya ba, nan laifina yake.

Bara Fasto ya raba 'yan ajin baftisma ga tsofaffi, kowace ta riƙe ɗaya. Aka ba ni wata yarinya 'yar Filato mai aiki a masaƙa, bari in kira ta Ladi. Ɗanta na fari ya mutu, ta daina addu'a, sunanta ma maƙwabciya ce ta kai ajin. In ta tashi daga aiki sai ta biyo, auduga a gashinta, ta zauna tana iza mini wuta tana kuka. Ran nan na ba ta ayar da ta riƙe ni da na binne 'ya'yana biyu, na ce an rubuta a Zabura, Allah ba ya barin tukunyarsa a kan wuta ya tafi kasuwa. 'Yan'uwa, yarinyar nan ta tashi. Ta koma addu'a, ta shiga ƙungiyar mawaƙa, har tsokanata take yi wai Kaka ƙosanki ya fi wa'azinki gishiri.

Ran Asabar dattawan ikkilisiya suka zauna yi wa 'yan ajin tambayoyi. Wani ya ce ta faɗi ayar da ta fi ƙarfafa ta, ta miƙe ta faɗi ta tukunya da gaba gaɗi. Aka kwashe da dariya, Fasto ya ce daga Farawa har ƙarshen Littafi babu wannan. Suka ce wa ya koya mata, ta ɓoye sunana don kada ta kunyata ni. Suka ce ta koma ta shirya, sai Asabar mai zuwa a sake tambayarta, in ba haka ba baftismar Ista ta wuce ta.

Daga can wajena ta yi, ta ce in nuna mata wurin. Na buɗe inda Mama Saratu ta sa tsinken tsintsiya, shekara arba'in na ɗauka nan ayar take. Ladi ta karanta, ashe sunaye ne kawai, wane ya haifi wane. Na faɗa mata gaskiya. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Cewa ta yi to Kaka, da kika ce ɗana yana hannun Yesu, wannan ta Littafi ce ko ta Mama Saratu? Ni kaina ban san inda ɗaya ta ƙare ɗayar ta fara ba.

Ran Lahadi ba ta zo sujada ba. Yanzu ta ɗaya gefen titi take wucewa. Matar Fasto, mai ilimi, ta ce in sakar mata ita, amma matar Fasto ba ta san sunan yaron da ya mutu ba.

To me zan yi? In tsaya gaban dattawa in ce ni ce, ko da za su hana ni riƙon kowa har in mutu? In sakar wa matar Fasto ita? Ko in ɗauki Littafin in je ƙofar Ladi, in durƙusa in ce 'yata, ke ki karanta, mu tace ayoyin da na ba ki ɗaya bayan ɗaya? In ta ƙi buɗe mini fa? Kwana huɗu suka rage, kuma ni ce na ɗora tukunyar nan a wuta.