Baba, Na Tambayi Janar Wa Ya Ce A Ƙara

Zuwa ga Mai Girma Ayuba Mai Fito, Sarkin Mashigin Tsamiya wanda ba a taɓa naɗawa ba, Babban Kwamandan rundunar jirgi ɗaya tilo mai injin da ke tari, mahaifina.

Gaisuwa ta ladabi da durƙuso har ƙasa, daga ɗanka Istifanus, wanda ka sallamo birnin Landan ya karanta injiniya, ya ɓuge da riƙe makirfo a bukukuwan jama'a. Ina gaishe ka a inda kake, inda na haƙiƙance babu iska mai kifar da jirgi, babu kuma fasinja mai ɓoye akuya a ƙarƙashin benci. Na zaɓi in rubuto maka a shafina, masu bibiyata suna karantawa tare da kai, domin abin da zan shaida maka a bainar jama'a ya auku.

Da farko kada ka ji kunyar sana'ata. Daga unguwar Thamesmead zuwa ta Plumstead, da wuya a yi booking ɗin hall domin aure ko suna ba a yi booking ɗin bakina ba. Ni ne mai gabatarwa, ni ne sanƙira. Direban bas ya shigo in kira shi Gwamnan Titunan Ingila, mai gadin kanti ya zauna in naɗa shi Garkuwan Kasuwanni, kowa ya tafi gida da ƙiba.

Kai ka fara gano wannan baiwa. Kakan tsayar da ni a goshin jirgi in kira mutanen wancan ƙetaren Binuwai su shirya, su kuma ji ni ras, iska tana kaɗawa. Kakan girgiza kai ka ce, "Fanus, bakin nan naka ko ya ciyar da kai ko ya sa a ɗaure ka." Ina mai farin cikin sanar da kai cewa kashi na farko na annabcin ya cika, na biyu kuma yana tafe a hankali.

Ka kuma koya mini dokar ruwa, wadda ba a rubuta a ko'ina ba. In jirgi ya kife, duk wanda ke riƙe da gora ko filafili sai ya juya kan jirginsa ya nufi wurin, ko amarya ya ɗauko. Na tuna ranar da ka tsamo mutumin da kowa ya san shi ya sace maka komar kamun kifi. Ka jawo shi ta wuyan riga, yana aman ruwa a kan ƙafarka, fasinjoji suna cewa ka bar ɓarawo ya ƙara kurɓa. Ka ce, "Bari ya bushe tukuna, sai mu yi faɗan a tudu." Kun kuwa yi shi, faɗa mai kyau.

Wannan doka ce ta kashe ka, Baba, amma ba ita ce mai laifi ba.

Ba na nan, Mama ce ta gani, tana tsaye a gaɓa tare da matan kasuwa da hantsi. Wani jirgi ya gangaro daga sama an lulluɓe kayansa da tamfol. Abin da ke ƙarƙashin tamfol ɗin ban sani ba, ba zan kuma rantse a kansa ba. Wataƙila ƙwaya ce kamar yadda aka ce, wataƙila buhunan kifi banda ne. Jirgin saman yaƙi ya zo ya sake masa wuta. Da hayaƙi ya lafa aka hango kawunan mutane suna maƙale da katako. Ka sauke fasinjojinka, ka tayar da injin mai tari, masu kwale-kwale suka bi bayanka. Mama ta ce har ka kama hannun mutum guda. Sai jirgin saman ya yi kwana ya dawo.

Washegari wani Janar ya bayyana a talabijin, ƙirji cike da lambobi, ya ce dakarun da ke ƙarƙashinsa sun hallaka masu safarar ƙwaya tare da abokan aikinsu da suka garzayo kwashe kaya. Abokan aikinsu, Baba. Kai da ko goro sai ka tambayi asalinsa kafin ka ci. Ba a kira alƙali ba, ba a buɗe tamfol ba, ba wanda ya zo mashigi ya tambayi matan kasuwa abin da idonsu ya gani.

Ƙanwarka Gwaggo Saratu, wadda nake zaune a flat ɗinta a Thamesmead, har yanzu tana aikin jinya a babban asibitin Camberwell. Ita ta yanke shawarar mu gaya wa mutanen nan cewa jirginka ne ya kife. Takan ce, "Fanus, a garin nan in suna ya ɓaci, ko hukumar council ba ta gyara shi." Ba ta yi don ƙinka ba. Hotonka yana kan firij ɗinta, kullum sai ta goge shi da gefen zani kafin ta fita kama bas.

A cikin bas ɗin nan ne kwanakin baya na ga labari a wayata. Can a wani teku, sojojin wata ƙasaitacciyar ƙasa suna farfasa jiragen da suke zargi da dakon ƙwaya, har ana cewa an koma kan waɗanda suka tsira suna maƙale da tarkace. Na karanta, na wuce tashata ban sani ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, a can ɗin aƙalla ana gardama. 'Yan majalisa suna neman manyan hafsoshi su zo su faɗi wanda ya ba da umarni, manyan kuma kowa yana tura wa ɗan'uwansa. Ko turawar ma na yi musu sha'awarta, domin mai tura laifi ya yarda akwai laifin. Kai ko wannan ba a yi maka ba.

Yanzu ga inda aka nufa. Akwai wata baiwar Allah mai suna Rahila, malamar makarantar yara, wadda ta ji duk manyan kalmomina ba ta ruɗe ba, ta kuma amince da ni duk da haka. Mahaifinta, Dattijo Bulus, shi ne shugaban ƙungiyar mutanenmu a nan. Gwaggo ta kai kayan gaisuwa gidansu, an karɓa, saura sa rana.

Dattijo Bulus ne ya kira ni ya ce bikin godiya na bana ya samu babban baƙo, abokin karatunsa, Janar mai ritaya, wanda ya zo ganin likita. Ya ce in shirya kirari na musamman, kada kuma in manta da yadda Janar ya share kogi daga 'yan ƙwaya. Da ya faɗi sunan, sai na ji ɗakin ya yi irin tangaɗin da jirginka ke yi in mai ƙiba ya shigo.

Ban ɓoye masa ba. Na durƙusa na gaya masa ko ɗan wane ne ni, da yadda ka rasu. Sai ya ce, "Ɗana, kai Kirista ne, ka yafe. Ka yi aikinka ka rufe bakinka, in har kana son 'yata ta shiga gida mai suna." Na amsa da ladabi cewa yafiyata a shirye take, a naɗe, a goge, amma har yau ba wanda ya zo karɓa.

Ranar Asabar da la'asar hall ɗin cocinmu na Plumstead ya cika. Ga tuwo da miyar karkashi, ga yara suna guje-guje suna amsa wa iyayensu da Turanci. Na sa babbar rigar da kake cewa ta fi ni daraja. Janar yana zaune a babban tebur, ya tsufa, ya rame, yana juya cokali a cikin kofi. Na so ƙwarai in tarar da dodo, sai na tarar da dattijo mai ciwon ƙafa. Wannan ya ƙara wa aikin nauyi, amma bai sauya shi ba.

Na ba shi haƙƙinsa na baƙo cikakke, kada a ce ɗan Ayuba ba shi da tarbiyya. Na kira shi Hadarin Gabas, Mai Inuwa Bisa Koguna, wanda in ya yi gyaran murya kifi ke nutsewa. Jama'a suka yi tafi, shi ma ya yi murmushi. Sannan na ce wannan babban mutum ya taɓa yin aiki a Mashigin Tsamiya, ni kuma ɗan mai fiton wurin ne. Na ba su labarin dokar ruwa, da hannun da ka kama. Na ce, ranka ya daɗe, harbi na farko na bar wa alƙali in an taɓa samun wanda zai zauna a kansa. Na biyun nake tambaya. Mutane suna cikin ruwa, wasu sun zo tsamo su, wa ya ce a ƙara?

Nan take aka kashe makirfo. Baba, ka ji wauta! An kashe wa wanda ya saba kiran ƙetaren Binuwai makirfo a ɗakin da bai kai faɗin jirginka biyar ba. Na ajiye shi a hankali kamar ƙwai, na buɗe ƙirji, na maimaita tambayar da muryar mashigi. An ce masu jiran bas a waje sun waiwayo.

Masu kula da ƙofa suka taso su fitar da ni. Kafin su iso, Gwaggo Saratu ta miƙe, ɗankwali a karkace, ta ce, "Yayana ne, kuma ba kifewa ya yi ba, ni na faɗa muku haka don kunya!" Sai na ga Rahila, wadda ke rabon abinci, ta dire farantin shinkafa a gaban mahaifinta, ta ratso tsakiyar hall ta tsaya a gefena. Wasu tsofaffin mata daga bakin kogi suka bi bayanta suna jan ƙafa. Na dube su suna nufo ni ɗaya bayan ɗaya, na tuna abin da Mama ta gani daga gaɓa, manyan kalmomina suka gudu suka bar ni.

Janar bai amsa a gaban jama'a ba. Da ake fita da shi ta gefena, ya tsaya ya dogara da sandarsa, ya ce a hankali, "Yaro, ba ni na danna ba." Na ce na sani, ranka ya daɗe, yatsa ba ya ba kansa umarni, bakin nake nema. Ya dube ni, ya wuce. Wanda ya karɓi tafi a talabijin saboda aiki, ai shi ya kamata ya karɓi tambayar aikin. In lambobin ƙirji nasa ne, mutanen cikin ruwan ma nasa ne.

Ga sakamako, ba zan rage maka ba. An yi cancel ɗin bukukuwan da zan gabatar, masu gayyata sun zama masu yawan uzuri. Dattijo Bulus ya aiko cewa in je gaban dattawa in janye maganata. Na je, na durƙusa na gaishe shi irin gaisuwar suruki, domin ya cancanta. Na ba da haƙurin shinkafarsa da ta huce. Tambayar kuwa na ce tana nan inda na ajiye ta, wanda zai iya ɗauke ta mutum ɗaya ne, kuma ba ni ba ne.

Da yamma Dattijo Bulus ya sa aka ɗaure kayan gaisuwarmu a jaka aka ajiye a bakin ƙofa, za a maido wa Gwaggo. Jakar ba ta iso Thamesmead ba. Rahila ta ɗauke ta, ta haye da ita ɗakinta, ta ce wa mahaifinta, "Baba, da aka karɓa an tambaye ni, da za a mayar ba a tambaye ni ba." Har yau mahaifinta ba ya amsa gaisuwata, ranar aure kuma babu ita. Amma jakar tana sama, Gwaggo kuwa ta sauke hotonka daga kan firij ta rataye shi a falo, inda duk baƙo zai tambayi ko wane ne, ta gaya masa dalla-dalla.

Babana, na yi kewarka. Na so a ce ka ga yarinyar nan. Da ka ce ta fi ƙarfina, da kuma ka yi gaskiya.

Ubangiji ya ba ka hutu a bakin ruwa mai kwanciya, kai da masu kwale-kwalen da suka bi ka, da mutumin da ka kama hannunsa, ko me ya ɗauko a ƙarƙashin tamfol. Ya ta'azantar da Mama. Ya sanyaya zuciyar Dattijo Bulus. Ya ba Janar lafiyar ƙafa da tsawon rai, domin ina so ya daɗe yana jin tambayar, har ranar da zai amsa ta. A cikin sunan Yesu, amin.

Ɗanka mai biyayya a yawancin al'amura,
Istifanus Ayuba,
Sanƙiran Thamesmead da aka dakatar, ɗan mai fito har gobe.