Malt da madarar da nake kai wa Inna

Daren Laraba, watan Rajab, Ƙaura Namoda

Na kasa cin tuwo. Yau na ɗauko Inna daga Sakajiki na kai ta asibiti, tafin hannunta fari fat. Likita ya ce jininta ya ragu, ga kuma ciwon suga da take fama da shi. Na ce masa ai wata uku ke nan ina kai mata malt da madarar gwangwani, yadda kowa ke yi don ƙarin jini.

Sai ya ajiye biro. "Malam, mai ciwon suga kake ba wannan? In suga ya yi yawa, jajayen ƙwayoyin jini tsukewa suke yi su mutu tun lokacinsu bai yi ba."

Innalillahi. Ita fa ba ta ma son zaƙinsa. Ni nake tsayawa a kanta sai ta shanye, tana sha tana sa mini albarka.